Wuta-wuta da Danginta: Kowa da Tukunyar da Yake Ci

Ina aji uku na firamare na fara shan faɗa a kan fure. Wata Asabar ce a ƙarshen damina, aka aike ni in kai wa Kawu fura a gonarsa da ke bayan Samaru, ta hanyar Bomo. Dawa ta yi kai, ta ninka ni tsawo, amma a gefen gabas na gonar sai ta tsuguna, karanta siriri, ganyenta ya yi ja-ja kamar an babbaka. A ƙarƙashin wannan dawa marar lafiya na ga abin da ban taɓa ganin mai kyansa ba: furanni ruwan hoda jere a kan tsinke, sun lulluɓe kunyoyi kamar an shanya atamfar amarya. Na ajiye ƙwarya na tsinko cike da hannu, da niyyar in kai wa Inna ta sa a kwalba, yadda na ga matan malaman jami'a suna yi a falonsu.

Kawu ya hango ni, ya yar da fartanya. "Kai, ɗan nan! Gida za ka kai mana ita? Wadda ta cinye mini dami goma, ita za ka sa a kwalba?" Ya karɓe, ya tara su a kan wani falalen dutse, ya ce sai sun bushe a cinna musu wuta. Sannan ya zauna ya sha furarsa bai sake ce mini komai ba.

Sunanta wuta-wuta. Wasu su ce ƙuduji, wasu gaugai, wasu kuma su kira ta da aikinta kai tsaye, makasar dawa. Da sunan farko mace ce, da na biyu namiji, amma mu Zazzagawa dama an daɗe ana yi mana tsiya cewa ba mu raba "na" da "ta", don haka wannan bai dame mu ba. Masana tsirrai suna kiran dangin gaba ɗaya Striga, kalmar Latin da ake danganta ta da mayya, kuma Turawan Ingila ma ciyawar mayya suke ce mata. Manomin da bai taɓa jin Latin ba ya san dalili. Dawa takan fara ramewa tana ƙeƙashewa alhali ƙasa da danshi, ka duba sama ka duba ƙasa ba ka ga komai ba, kamar yaron da aka kama wa kurwa. Sai bayan makonni mai laifin ta leƙo, cikin kwalliya.

Manomi in ransa ya ɓaci yakan yi magana kamar wani ne ya kawo ta daga wata ƙasa. 'Yar gida ce. Danginta kusan iri 30 ne a Afirka, kuma mafi yawansu har gobe suna can cikin daji da fadamu suna rayuwa a kan ciyayin da ba mai shukawa, ba ruwansu da gonar kowa. Ana kyautata zaton asalin wadda ke cin dawa yana wajajen Sudan da Habasha, inda ita dawar ma ta samo asali, wato tare suka taso tun suna yara. Tsiron damina ce kamar tafasa da karkashi da gasaya da lalo: ta tsiro, ta yi fure, ta zubar da iri, ta mutu, duk cikin shekara guda. Bambancin shi ne su waɗancan suna biyan kuɗin zama. Karkashi ma furensa ruwan hoda ne mai kyau, amma yana ƙarewa a tukunyar miya. Wuta-wuta ba ta shiga tukunya, sai dai ta ci abin da ke ciki.

Kowace unguwa a Samaru, daga Hayin Dogo har Zango, tana da wani mutum wanda kowa ya san shi. Yana da tsabta, hularsa a karye daidai, bakinsa da gaisuwa mai daɗi. Ba ya zuwa da hantsi, ba ya zuwa bayan isha. Sallamarsa takan faɗo ne daidai lokacin da aka sauke tuwo aka kai zaure. Ya san ƙarar turmin kowane gida, ya san bambancin dakan fura da surfen masara, ya san gidan da aka yi cefane da gidan da aka wuni da kunu. Ba a taɓa ganinsa ya yi sallama a gidan da ba a ɗora tukunya ba. Duk wanda ya gane wannan mutum ya gane rabin rayuwar wuta-wuta.

Irinta ƙura ne. Na taɓa murje busasshen kwansonta a tafin hannuna, abin da ya zubo kamar garin kwalli, ƙwaya ɗaya ba ta kai rabin milimita ba. Tushe guda yakan zubar da ƙwaya 50,000 ko fiye, kuma suna iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 suna jira. Da yake ƙwayar ƙanƙanuwa ce, ba ta da guzuri. Ƙwayar wake ko ta gyaɗa tana fitowa da abincin da zai kai ta har ta yi ganye. Ita kuwa in ta tsiro ba ta sami saiwar da za ta kama ba cikin 'yan kwanaki, ta mutu. Saboda haka ba ta gangancin tsirowa don kawai an yi ruwa. Sai ta sha danshi da ɗumi na mako ɗaya ko biyu, ta farka, ta kasa kunne. Abin da take saurare shi ne wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa cikin ƙasa. Da ta ji shi kusa, tazarar milimita kaɗan, sai ta miƙa ɗan bakinta ta manne a saiwar, ta huda ta, ta haɗa jijiyarta da ta mai gida. Daga nan ruwa da abinci sun samu. Takan yi mako 4 zuwa 7 a ƙarƙashin ƙasa, fara sol, ba ganye ba komai, tana tsotsa. Yawancin ɓarnar a wannan lokaci ake yin ta. Ranar da ka ga kore ya leƙo a gindin dawa, baƙonka ya riga ya wanke hannu.

Wata shekara, bayan na girma, na haƙo gindin dawa ɗaya da ƙasarsa na wanke a bokiti don in gani da idona. A sama tsiro uku kawai na ƙirga. A ƙasa kuwa saiwoyin sun yi tsamo-tsamo da fararen tsirrai kanana kamar tsutsa, na ƙirga har ashirin da wani abu na gaji. Uku ne suka shigo zaure, saura suna ƙofar gida suna jiran a miƙo musu kwano.

Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce, me ya sa dawa za ta yi shelar inda take? Wane mai gida ne zai hau katanga ya ce an sauke tuwo? Amsar ta fito a 2005, lokacin da masu bincike a Japan suka nuna cewa ba wuta-wuta dawa ke kira ba. Akwai wata irin fumfuna mai zare-zare a cikin ƙasa, aminiyar saiwa, wadda ke ratsawa inda saiwa ba ta kaiwa ta jawo mata sinadarin fosfaras, irin wanda muke saye a buhun supa, ita kuma saiwa ta biya ta da sukari. Ita ake kira. Kamar dai matar gida ce ta leƙa ta kan zana ta ce wa maƙwabciya, "Maman Ladi, a san mini gishiri," sai mutumin nan mai karyayyar hula da ke zaune a dakali ya ji, ya ce ashe yau ana girki a gidan nan. Kuma gwargwadon yunwar shuka, gwargwadon ƙarfin kiranta. Dawar da ke gona mai taki ba ta cika ɗaga murya ba. Wadda ke gajiyayyar ƙasa, da aka yi shekara da shekaru ana noma ba hutu ba taki, ita ce mai kururuwa, ita ce kuma kowa ke ji. Gefen gabas na gonar Kawu shi ne mafi nisa daga hanya, inda jaki ba ya kai taki. Kawu ya san wuta-wuta ta fi son wurin, kamar yadda kowane manomi ya san ta fi yawa a matacciyar ƙasa. Abin da bai sani ba shi ne dawarsa ce da bakinta ke kiran ta.

To amma ba kowace wuta-wuta ke amsa kowane kira ba, kuma a nan ne labarin danginta ya fi daɗi.

Ka shiga kasuwar Sabon Gari da azahar ka tsaya wajen masu abinci. Tun da layin dogo ya ratsa Zariya zuwa Kano a 1911 mutane ke sauka a unguwar nan daga ko'ina, kuma har yau kowa ya san rumfarsa. Mai neman amala ba ya ɓata hanya, mai neman sakwara haka, mai tuwon dawa miyar kuka haka. Duk yunwa ɗaya ce, amma cikin kowa da abin da ya saba. Ita ma mai furen hodar nan, wadda masana ke kira Striga hermonthica, haka ta rabu. Binciken da aka yi a Afirka ta Yamma tun shekarun 1970 ya nuna akwai zuriyar gero, akwai zuriyar dawa. A ido ba ka raba su: tsawo ɗaya, wani lokaci har kusan mita guda, fure ɗaya, ganye ɗaya mai kaushi. Amma ka ɗebo iri daga gonar gero a can arewa inda ƙasa rairayi ce, ka zuba a gindin dawa, yawancinsa ba zai yi wani abin kirki ba. Haka in ka juya. Shi ya sa a wasu wurare manomi zai ce maka geronsa lafiya lau, dawa ce ke shan wuya, ka tafi Maraɗi ka ji akasin haka.

Sai dai duk wanda ya zauna a Sabon Gari ya san wannan rabuwa ba ta wuce tsara ɗaya ko biyu. Jikan wanda ya sauko daga jirgi da ƙullin garin rogo yau yana karyawa da ƙosai da koko, yana zagi da Hausar da ta fi taka kaifi. Masara baƙuwa ce a nahiyar nan, daga Amurka ta zo, kuma a ƙasar Zazzau ta daɗe tana bayan gida ana gasa ta ɗanya kafin ta zama amfanin babbar gona a shekarun 1970 da 1980, lokacin da takin zamani ya yawaita. Wuta-wuta ba ta ɓata lokaci ba wajen koyon cin ta. Masara kuwa ba ta taso tare da ita ba, ba ta san halinta ba, shi ya sa tsiro kaɗan ke durƙusar da ita, inda kaura ko farfara za su daure su ba da ɗan abin da ya samu.

Sirrin wannan saurin koyo yana cikin aure. Mai furen hoda ba ta auren gida. Furenta ba ya karɓar garin furen tushensa, dole sai ƙwaro ya ɗauko daga wani tushe ya kawo. Kwalliyar nan da ta ruɗe ni ina yaro, ta jawo 'yan aiken aure ce. Saboda haka 'ya'yanta ba sa kama da juna. A gona ɗaya za ka ga mai hoda mai haske, ka ga mai duhu kamar shuni, jefi-jefi ka ci karo da fara fat. Abin da ido ke gani a launi, haka yake a ciki: cikin dubban ƙwayoyin uwa ɗaya ba a rasa 'yan kaɗan da bakinsu zai dace da sabuwar saiwa. Su za su rayu, su hayayyafa, bayan 'yan shekaru su cika gonar. Gidan Sabon Gari ke nan, inda uwa Banufiya ce, uba Bakano, suruki daga Ilori, kuma ko wane irin abinci aka sauke akwai mai ci.

Wuta-wutar wake ba haka take ba. Ita gajeruwa ce, da ƙyar ta wuce taƙi, mai rassa da yawa a cunkushe, jikinta da kauri, ganyenta kamar ɓawon kifi, furenta ƙanana masu launin shuɗi-shuɗi ko fari. Ita auren zumunci take yi, kai, ta wuce nan ma, domin furenta da kansa yake ɗaukar cikin kansa. Kamar tsoffin gidajen cikin ganuwa ne da ake cewa hancinsu ɗaya tun kaka da kakanni, ka ga yaro a hanya ka faɗi gidansu. Don haka kowace ƙasa da zuriyarta tsantsa. Masu bincike sun rarrabe zuriya bakwai a Afirka ta Yamma: ta Burkina Faso, ta Mali, ta Najeriya da Nijar, ta Kamaru, ta Sanagal, da biyu a Jamhuriyar Benin. Waken da ya gagari ta Mali yana iya zama abin karyawa ga tamu. An samo wani waken gargajiya daga Botswana, mai lamba B301, wanda ya rufe wa kusan dukkansu ƙofa, masu kyautata iri suka yi ta murna suna haɗa shi da namu. Sai aka tarar a wani gari a Benin mai suna Zakpota akwai zuriyar da ke shiga gidansa ba sallama. Gari guda, hali daban.

Sauran dangin zan wuce su da sauri. Akwai wadda ta fi son ciyayin fadama, siririya, mai kama da ta dawa ƙwarai har suna iya haihuwa tare, takan faɗa wa acca da masara. Akwai ƙarama mai jan fure wur, wadda ita ce annoba a gabashi da kudancin Afirka, amma irinta ɗaya a wani wuri furenta ruwan ɗorawa ne, a Indiya kuma fari. Ita ce ta ɓulla a gonakin masara a jihohin Karolina na Amurka a 1956, ta sa gwamnatin ƙasar ta yi shekaru da dama tana killace gonaki tana yaƙi da ita. Mai furen ruwan ɗorawa da kake gani a gindin wake ko gyaɗa kuwa, Alectra, 'yar maƙwabta ce, ba gidansu ɗaya ba, sana'a ce ta haɗa su.

Wannan yaƙi na Amurka ya bar mana abu guda mai amfani. A 1966 aka fara ware sinadarin kiran nan, kuma daga saiwar auduga aka samo shi. Abin dariyar shi ne wuta-wuta ba ta iya cin auduga. Auduga tana kira, ƙwaya ta tsiro, ta miƙa baki, ta tarar ƙofar ba ta buɗuwa, ta mutu da yunwa. Wato a daka turmi ba hatsi a ciki, mai karyayyar hula ya taso ya yi sallama, a bar shi a zaure har dare. Wasu nau'o'in waken suya ma haka suke yi, gyaɗa ma tana taimakawa. Idan na tuna cewa ƙasar Zazzau da Funtuwa ƙasar auduga ce, sai in ga kakanninmu da suke juya gona tsakanin dawa da auduga da gyaɗa suna yin maganin da ba su san sunansa ba. Da auduga ta ja baya, aka koma masara bayan masara bayan masara, ƙurar da ke cikin ƙasa ta sami gidan biki.

Samaru kuwa wuri ne da aka daɗe ana zaman shari'a da wannan tsiro. Tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a nan, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mu da muka taso a gefenta mun saba da ganin filaye masu turaku da alluna, kowane layi da lambarsa. Abin da ya ba ni mamaki da na fahimta shi ne, a wasu filayen da gangan ake cakuɗa irin wuta-wuta da rairayi a zuba a ramin shuka, don a ga wane iri ne zai tsaya. Da Kawu ya ji wannan sai ya riƙe baki. Daga irin wannan aiki, tare da cibiyar IITA ta Ibadan, aka fitar da masara SAMMAZ 15 da SAMMAZ 16 masu jure mata, da wake SAMPEA 10 mai toshe wa ta wake hanya, duk a 2008. Iri ne masu kyau, na ga aikinsu. Amma mai shuka su ya riƙa tuna gidan Sabon Gari. In da mai auren gida kake faɗa, in ka rufe ƙofa ka rufe, sai dai wata zuriya ta zo daga wani gari. Mai auren waje kuwa kullum tana haifo sabon baki, kuma in ka ba ta iri ɗaya shekara bayan shekara a gajiyayyar ƙasa, wata rana za a sami wanda ya iya buɗe ƙofar. Sai an haɗa da taki, ko na shanu ko kamfa da yuriya, an juya gona, an kuma cire da hannu.

Cirewar ma akwai inda muke kuskure, kuma ni ma na yi. Mukan bari sai ta yi fure gona ta yi jajir, sannan a tura yara su tuge, su watsar a kan kunya ko a bakin hanya. Tsiron da ya riga ya yi kwanso yana ƙarasa nuna ko an tuge shi. Daga nan iska ta ɗauka, kofaton shanu ya ɗauka, garma ta ɗauka daga gonar da aka yi huɗa da safe zuwa wadda za a yi da yamma. Hatsin da aka sussuka a ƙasa ma yana tafiya da ita. Shekarar da na fara noma ɗan fili na kaina a wajen Basawa, na ƙi sayen iri mai shaida saboda tsada, na auno dawa mudu biyu a wata kasuwar ƙauye na shuka. Filin sabo ne, ya daɗe yana saura. Shekara ta farko tsiro bakwai na gani, na ce ba komai, har na tsaya ina kallon wata fara a cikinsu don ban cika ganin irinta ba. Shekara ta uku na daina ƙirgawa.

Bana waken suya na zuba a filin, karo na biyu a jere. A watan Satumba na tafi da 'yata ƙarama duba shi, sai ga gyauron dawa guda ɗaya ya fito a bakin iyaka, a gindinsa kuma tsinke biyu na hoda sun buɗe. Kafin in yi magana ta riga ta tsinke su.

"Baba, in kai wa Mama?"

Na duba ƙasan tsinken, babu kwanso tukuna, fure ne zalla. Na ce ta kai, amma in sun yi yaushi a murhu za a zuba su, ba a bola ba. Ta sa su a kwalbar lemo a kan taga, suka kwana biyu suka sunkuyar da kai. Gyauron kuwa na tuge shi da saiwarsa, na ɗora a kan dutse ya bushe.